Yadda ake jinyar kare a gida bayan an yanke masa ƙafa saboda ciwon daji

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni dai ba likita ba ne, mataimaki ne, shekaru ina riƙe wa likitan dabbobi a nan Garwa, arewacin Kamaru, ni nake wanke ciwo ni nake bin gida gida in duba ɗinki. Karnukan da aka yanke wa ƙafa a gabana suna da yawa, mafi yawansu moto, wato babur, ce ta buge su ko tarkon waya ya kama su a daji, wasu kuma ciwon daji ne. Cikinsu har da namu na gida, Damisa, wanda wani ƙullutu ya fito masa a ƙafar gaba ta hagu yana ta girma har ya fashe, aka cire ƙafar, yau shekara 2 kenan yana nan yana gadin gidanmu da ƙafa uku. Abin da na lura dashi shine aikin likita na 'yan awanni ne, amma sati biyun da ke biye a gida su ne suke tayar da kare ko su kayar dashi, kuma a nan mutane suke yin kuskure saboda babu wanda ya taɓa nuna masu. Shi yasa na zauna na rubuta wannan.

Kayan da zaka tanada tun kafin ranar aiki

Kompres mai tsabta, wato farin ƙyallen asibiti na goge ciwo, kwali biyu ko uku, a farmasi ake samu. In babu, ka yayyanka farin ƙyalle ka tafasa shi minti 10 ka shanya a igiya ka goge da dutsen guga.
Betadine, maganin shafa wa ciwo mai kwalba ruwan ɗorawa, da ruwan gishiri na wanke ciwo. In baka samu na farmasi ba ka tafasa ruwa rabin lita ka zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ka barshi ya huce, kullum kayi sabo.
Safar hannu ta roba, sparadra wato filasta, da almakashi.
Abin auna zafin jiki, wanda za a ware masa shi kaɗai.
Kolaret, wato robar nan mai kama da mazurari da ake sa wa kare a wuya don kada ya lashi ciwo. Tana wuyar samu a wajenmu, zan faɗi yadda ake yinta da bokiti.
Tsohon tawul babba ko zani mai ƙarfi, na tallafarsa.
Tsohuwar katifa ko buhunan da aka cusa wa tsumma, da leda a shimfiɗa a ƙasa, da zannuwa biyu ko uku na canji.
Gidan sauro. Wannan kada ka raina shi, a wurina ya fi rabin kayan nan muhimmanci.
Tsofaffin riguna masu taushi biyu in ƙafar gaba ce, gajeren wando in ta baya ce.
Tabarma ko tsohon kafet in gidanka tayil ne ko siminti mai santsi.
Lambar wayar likitan, a wayarka da ta wani a gida.

1. Ka tabbatar da abin da ke damunsa kafin a kai ga wuƙa

Ba kowane kumburi ne ciwon daji ba. Tsohuwar karaya da ta haɗe a karkace, ko ƙashi da ya ruɓe da ƙwayar cuta, duk suna iya kama da shi, don haka sai likita ya taɓa ya ɗauki hoton ƙafar, abin da muke ce wa radiyo. In da hali a yanki ɗan naman a aika a duba. Ka fara da ofishin dabbobi na MINEPIA, wato ma'aikatar kiwo ta Kamaru, mafi kusa dakai ko likita mai zaman kansa, in abin ya fi ƙarfinsu ka tambaye su inda zasu tura ka, akwai makarantar likitancin dabbobi a Jami'ar Ngaundere.

Abu biyu nake so ka gane. Akwai ciwon daji na ƙashi, likitoci na ce masa ostiyosakoma, ya fi kama manyan karnuka da suka fara manyanta, ya fi fitowa a ƙafar gaba kusa da wuyan ƙafa ko kusa da kafaɗa, a ta baya kuma kusa da gwiwa. Zaka ga kare na ɗingishi, wurin ya kumbura yayi tauri, in ka taɓa yayi ƙara. Wannan mugu ne, yana saurin tafiya huhu, sau da yawa kafin ma a gano shi ya riga ya tafi ko da hoto bai nuna ba. Yanke ƙafa yana cire masa azabar amma ba lallai ya cire ciwon daga jiki ba, in yankan kawai akayi galibi wata 4 zuwa 5 suke ƙarawa, in an haɗa da allurar kashe ƙwayar ciwon irin su karboplatin yakan kai wata 10 zuwa shekara ɗaya. Akwai kuma na nama da fata, irin wanda ya kama Damisa, da yawansu basa saurin yaɗuwa, in an cire ƙafar da wuri kare zai iya yin shekaru. To ka tambayi likita kai tsaye wanne ne, kuma ka nemi ayi hoton ƙirji kafin aiki. In huhu ya riga ya cika, wallahi gara a bashi maganin rage ciwo a barshi da ƙafarsa, kada a haɗa masa wahala biyu.

Ka sa likita ya duba sauran ƙafafun uku ma, don su zasu ɗauki kayan. Kare na ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, shi yasa wanda aka cire wa ta gaba ya fi shan wahalar koyon tafiya, musamman in yana da ƙiba.

2. Ka shirya gida, ka shirya mutanen gida

Ka zaɓi wuri mai inuwa da iska, zaure ko wani ɗan ɗaki, nesa da awaki da kaji da wurin zubar da shara. Ka share, ka shimfiɗa leda, katifa a kai, zani a kai, ka rataya gidan sauro. In karen ya saba kwana a kan wani tudu ko bayan buhuna ka toshe hanyar.

Sai mutane. Za ka ji magana, wannan ka sa a ranka. Ranar da na faɗa wa mahaifinmu kuɗin aikin Damisa shiru yayi, can yace "kai yanzu duk wannan a kan kare?" Nace "Baba, shekara bakwai yana kwana a bakin garken nan, ko akuya ɗaya ba a taɓa ɗauka ba." Inna ce ta ƙarasa maganar daga madafa, tace "Malam, ai kai ka sha faɗa mana hadisin mutumin da ya shayar da kare ruwa Allah ya gafarta masa." Bai ƙara cewa komai ba, washegari shi ya bada rabin kuɗin. Na kawo wannan ne don jinya ba aikin mutum ɗaya ba ce, in baka shawo kan gida ba ranar da ka fita kasuwa wani zai cire masa kolaret ko ya bar ƙofa a buɗe. Yara kuma a gaya masu tun da wuri cewa zai dawo da ƙafa uku da gefe guda a aske, kuma ba a taɓa shi sai babba na wurin.

Daren jajibirin aiki a ɗauke abinci, galibi awa 8 zuwa 12, ka bi adadin da likita ya faɗa. Kada tausayi yasa wani ya jefa masa ƙashi da asuba, in yayi amai cikin allurar barci yana iya shaƙe shi.

3. Ɗauko shi da daren farko

Kada ka ɗauko shi a moto, na roƙe ka. Ka nemi mota ko keken kaya, a shimfiɗa bargo, mutum biyu su ɗaga shi da bargon, gefen da akayi aiki yana sama. Kare mai jin ciwo yana iya cizon ko mai gidansa, in kaga yana yage baki ka ɗaure bakin da ɗan ƙyalle mai taushi na lokacin ɗagawa kawai, da an kwantar dashi a kwance.

Abin da zaka gani zai girgiza ka. In ƙafar gaba ce galibi har allon kafaɗa ake cirewa, ɗinkin dogo ne, wurin a aske, fatar tayi ja da shuɗi. Wannan daidai ne, kwanciyar jinin ma zata gangara ƙasa wajen ƙirji ko ciki cikin kwanaki kafin ta baje. Kada kayi ta salati a kansa kana kuka, kare yana karanta fuskarka da muryarka, kayi masa magana yadda ka saba.

Daren nan ka kwana kusa dashi. Ruwa kaɗan kaɗan in ya farka sosai, abinci rabin abin da ya saba ko ma ƙasa, in ya ƙi kada ka matsa. Zai iya yin kuka mai tsawo ko rawar jiki saboda allurar barci tana sakinsa. In lokacin hunturu ne ka lulluɓe shi, in bazara ce irin ta Maris da Afrilu da Garwa ke wuce digiri 40 ka jiƙa ƙasa a gefensa ka kunna fanka ko a yi masa fifita, amma kada ruwa ya taɓa ɗinkin.

Abu uku zaka riƙa dubawa. Ka ɗaga leɓensa ka ga dasashi, ya kamata ya zama ja ja mai haske, in yayi fari fat mai yiwuwa jini yana zuba a ciki, kira likita ko ƙarfe nawa ne. Ka ƙirga numfashinsa yana kwance, 10 zuwa 30 a minti shine daidai. Sai bandeji, ɗan ɗigo ba komai, amma in jini na ratsowa yana ɗiga ka danne da kompres minti 10 ba ɗagawa kana kiran waya. Fitsari kuma ya kamata yayi cikin awa 24, kashi yakan kai kwana 2 ko 3 bai zo ba, wannan kada ya dame ka.

4. Magani, na likita kawai

Nan ne wurin da na fi ganin asara. Mutum yaga karensa na nishi sai ya ɓallo ibuprofen ko diklofenak na gida ya bashi, da kyakkyawar niyya. Waɗannan suna huda cikin kare suna kashe masa ƙoda, alamar itace amai da baƙin kashi kamar kwalta. Parasitamol ma in ya wuce ƙima hanta yake ci. Likita zai rubuta nasa gwargwadon kilon karen, galibi meloksikam ko karprofen, wani lokaci da gabapentin ko tramadol, da maganin kashe ƙwayar cuta in yaga da buƙata. Meloksikam da karprofen da abinci ake bayarwa, kuma ba a haɗa su biyun, in kare ya fara amai ko zawo a tsaya a kira likita.

Ka rubuta lokutan a takarda ka manna a bango, duk wanda ya bayar yayi alama, saboda na taɓa ganin gidan da uwa ta bayar ɗa ya dawo shi ma ya bayar. Kada ka daina don kaga ya warware, kare yana ɓoye ciwo. Ka tura ƙwayar cikin ɗan nama ko kifi, in yana tofarwa ka buɗe bakin ka ajiye can bayan harshe ka rufe ka shafa maƙogwaro har ya lashi hanci. In tramadol aka rubuta, a farmasi zaka saya da takardar likita ba wurin masu tebur a bakin titi ba, kuma ka kulle shi a akwati, mun san halin da tramol ya jefa samarinmu a ciki.

5. Ɗinki, harshe da ƙuda

Sau biyu a rana, safe da yamma, ka wanke hannu da sabulu ka sa safa ka duba ɗinkin daga farko har ƙarshe. In a bushe yake kuma a haɗe, kada ka taɓa shi, ciwo mai tsabta baya son yawan wanki. In akwai ɗan ruwa ko datti ka jiƙa kompres da ruwan gishiri ka goge a hankali daga kan ɗinkin zuwa waje, kompres ɗaya shafa ɗaya ka yar, sannan Betadine da aka sirka da ruwa har yayi kalar shayi mara kauri. Kada ka sa alkol wato sifirit, kada ka sa ruwan nan mai kumfa na farmasi da ake ce wa oksijene, suna ƙona sabon naman da ke tohowa. Toka, baƙin mai na mota, kashin shanu, garin batir, duk abin da ake sa wa gyambon jaki a ƙauye, ka nisanta su da wannan ciwon. Auduga ma bana so, zarenta na maƙalewa.

Kwana 2 ko 3 na farko in kana da ƙanƙara ka naɗe ta a ƙyalle ka ɗora a gefen ɗinkin minti 10, tana rage kumburi. Wani lokaci ruwa yakan taru a ƙarƙashin fatar, ka taɓa kaji yana lumtsawa kamar ledar ruwa, babu zafi babu wari. Kada ka huda. Yawan motsi ne ke kawo shi, ka rage masa zirga zirga, jiki yakan shanye da kansa, in yana ta ƙaruwa likita ya gani. Ni abin da nake yi shine in ɗauki hoton wurin da waya kowace safiya daga gefe ɗaya, don ido yana mantawa amma hoto baya mantawa, kuma zaka iya tura wa likita ta WhatsApp ba sai ka ɗauki kare ba.

Alamun da ba a jira dasu: mugunya, wari, wurin yayi zafi yayi jajir, bakin ciwon ya buɗe, ko kare ya ƙi abinci kwana guda cur. Ka auna zafinsa ta dubura da ɗan man shafawa a bakin abin, na kare daidai 38 zuwa 39.2 ne, in ya wuce 39.5 a tafi.

Yanzu kolaret. In baka samu ba ka nemi bokitin roba mara nauyi, ka yanke gindinsa daidai yadda kan karen zai shiga, ka naɗe bakin yankan da ƙyalle da sparadra kada ya yanke shi, ka huda ramuka huɗu ka zura igiyar ƙyalle ka ɗaure a abin wuyansa. Bakin bokitin ya wuce hancinsa da kamar yatsa uku, a wuya kuma yatsunka biyu su iya shiga. Kwali mai kauri ma yana yi amma kullum sai ka canja don yana jiƙewa. A ƙafar gaba ka ƙara da riga, ka ɗaure hannun da babu ƙafa, saboda ko bai kai da baki ba yana iya sosawa da ƙafar baya. Zai tsani kolaret ɗin, zai yi ta karo da bango yana kallonka. Ni a kan Damisa na koyi darasin nan, dare na biyar naga ya kasa barci na cire masa nace zuwa asuba kawai, da na tashi sallah na tarar ya cire zare huɗu da haƙori, jini a zanin, sai da aka sake masa allurar barci aka sake ɗinki. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. In zaka cire don yaci abinci ka tsaya a kansa, yana gamawa ka mayar.

Sai ƙuda, babban abokin gabarmu a ƙasar nan, musamman da damina da lokacin mangwaro. Ƙuda ɗaya ya sauka yayi ƙwai, cikin kwana guda tsutsa ta fito, shi yasa nace gidan sauro, dare da rana, a tura bakinsa ƙarƙashin katifa. Akwai kuma wani ƙudan da ke yin ƙwai a ƙasa mai damshin fitsari ko a kan zanin da aka shanya, tsutsarsa ta shiga fata ta zama kamar maruru mai ɗan rami a tsakiya, don haka shimfiɗarsa kada a shanya a ƙasa, a igiya cikin rana, in da hali a goge. In har kaga tsutsa a ɗinkin ka wanke da ruwan gishiri ka cire waɗanda kake gani, ka kai shi ranar, don na ciki sun fi na waje yawa. Kada ka zuba kananzir ko fetur ko maganin ƙwari na gona.

6. Tayar dashi da koya masa tafiya

Yawancinsu cikin kwana ɗaya ko biyu suke miƙewa, wasu ma kafin a bar wurin likita, don dama sun daɗe basa taka ƙafar. Ka zura tawul a ƙarƙashin ƙirji in ta gaba aka cire, a ƙarƙashin ciki in ta baya ce, ka riƙe bakin biyu a sama, amma kada ya hau kan ɗinkin, in namiji ne kuma kada ya danne masa gaba ya hana shi fitsari. In babu tawul, jakar kasuwa mai hannu biyu ka farke gefe da gefe, tana yi sosai. Kai ba ɗaukarsa zakayi ba, tare shi kawai kake kada ya faɗi, ka barshi ya nemo daidaitonsa da kansa.

Sati biyun farko fita ta fitsari da kashi ce kawai, da igiya, minti 5, sau uku ko huɗu a rana. Ba gudu, ba tsalle, ba hawa matakala, ba haɗuwa da wasu karnuka. Kuskuren da ake yi shine ranar huɗu aga yana tafiya da kyau sai a sake shi a tsakar gida, ya hango kyanwa ya bi ta, ɗinki ya buɗe. Ka lura kuma kare mai ƙafa uku tsalle tsalle yake tafiya, saurin ya fi masa sauƙi a kan tafiyar sannu, to kai ka daidaita da takunsa kada ka riƙa jan igiya baya. Zai faɗi sau ɗaya ko biyu, musamman wurin juyawa ko in ya zo ɗaga ƙafa yayi fitsari, kada ka ruga da ihu, ka matsa ka tallafe shi kawai.

Santsi shine abin tsoro. Tayil da simintin da aka goge, balle in an yi wanki ruwan sabulu ya kwanta, ka shimfiɗa tabarma a duk hanyar da yake bi. Rairayi da ƙasa sun fi masa, sai dai da rana tsaka suna ƙona tafin ƙafa, ka ɗora bayan hannunka a ƙasa, in kai baka iya jurewa ba shi ma haka. Fita da sassafe da bayan la'asar.

7. Cire zare da abin da ke biye

Kwana 10 zuwa 14 likita zai cire zaren, kada ka cire da kanka da reza. Kolaret ta ƙara kwana biyu bayan nan, wanka kuma sai an cire zare wurin ya bushe. Daga nan ka riƙa ƙara tafiya kaɗan kaɗan, minti 10, bayan sati ɗaya minti 15, in kaga ya zauna a hanya ya gaji kenan, gobe a rage. Gajerun fita da yawa sun fi doguwa guda ɗaya. Wajen wata guda zuwa biyu yawancinsu sun koma harkarsu, Damisa a sati na shida ya fara raka awaki bakin ƙofa yana dawowa.

Wasu karnukan sukan yi ƙara farat ɗaya suna kwance, su juya suna neman ƙafar da babu, jijiyar da aka yanke ce ke aika saƙo. Ka faɗa wa likita, gabapentin yana taimakawa, kuma yakan wuce.

Farcensa a riƙa yankewa don dogon farce na sa zamewa, tafin ƙafar a riƙa dubawa ko ƙaya ko tsagewa, da hunturu in ya bushe ka shafa ɗan man kaɗanya. Kaska a riƙa cirewa, allurar haukan kare kuma kada a bari ta wuce lokacinta don yana jinya, ka tambayi likita ranar da ta dace.

8. Abinci da nauyi

Wannan gajere ne amma har ƙarshen rayuwarsa ne: kada ya yi ƙiba. Tausayi zai sa kowa a gida ya riƙa jefa masa loma, kilo ɗaya da ya ƙaru kuwa a kan ƙafa uku yake sauka. Ka shafa gefensa, ya kamata kaji haƙarƙari ba tare da ka danna ba. Tuwo ko shinkafa kaɗan, nama ko kifi da aka cire wa ƙaya, dafaffen ƙwai, kabewa. Miyar da ta sha albasa da tafarnuwa ba tasa bace, suna lalata masa jini, dafaffen ƙashin kaza kuma yana tsagewa ya soke hanji. In ƙafar gaba aka cire ka ɗora kwanon abinci da na ruwa a kan bulo ɗaya, sunkuyawa ƙasa tana kayar dashi.

9. Ka ci gaba da sa ido kan ciwon

Sau ɗaya a sati ka shafa jikinsa gaba ɗaya, wurin tabon, ƙarƙashin muƙamuƙi, gaban kafaɗa, hammata, bayan gwiwa, kana neman sabon ƙullutu. In na ƙashi ne ayi hoton ƙirji duk wata 2 ko 3 in aljihu zai ɗauka. Allurar kashe ƙwayar ciwon ba ko'ina ake samunta ba kuma tana da tsada, ka tambaya, in babu hali kada ka ɗora wa kanka laifi, cire masa azabar ƙashin da kayi ba ƙaramin abu bane.

Tari, numfashi da ƙyar, rama, ƙin abinci, ko sabon ɗingishi, su ne alamar ya dawo. Akwai wani kare da na yi jinya a wata unguwa kusa da kogin Binuwai, na ƙashi ne, wata biyar yayi yana cin abincinsa yana haushinsa yana kwana a ƙofar ɗakin mai gidan, sannan tari ya fara. Mai gidan ya kira ni yace "ƙanina, me ya rage?" Nace "Yaya, ka riƙa ƙirga ranakun da yaci abinci ya tashi da kansa da ranakun da bai yi ba, in na biyun sun rinjaya mu kira likita." Bayan sati uku muka kira. Likita yana da allurar da ke sa shi barci ya wuce ba tare da ya ji komai ba, ita zaka nema in ranar ta zo, kada a bashi guba kada kuma a kai shi bayan gari a yar. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya, a binne shi a ɗora duwatsu a kai saboda wasu karnukan.